Kuɗin Na Nan, Kayan Sun Ragu: Tsadar Ɓoye a Kasuwanninmu

Jawabin da aka gabatar a gaban taron ɗalibai da matasan ma'aikata 'yan asalin Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa



 Mai yiwuwa wasu su ga batun da za mu tattauna yau bai kai a tara masu ilmi dominsa ba, tun da magana ce ta kwanon awo da gwangwani da ledar madara. To, amma duk wanda ya karɓi albashi ran 25 ga wata ya ga ya ƙare kafin 10 ga na gaba, da duk ɗalibin da guzurin da aka haɗo masa daga gida ya daina kai shi ƙarshen zango, ya san cewa a cikin waɗannan ƙananan abubuwa ne rayuwar talaka take ƙunci ko ta yalwata.

Tsada iri biyu ce. Akwai wadda take zuwa a fili: jiya ka sayi abu naira 500, yau an ce maka 700. Wannan kowa ya san ta, ana kuka da ita, jaridu suna bugawa, ƙungiyoyin ƙwadago suna yajin aiki a kanta. Iyayenmu sun gan ta bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, sun sake ganinta da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, mu kuma mun gan ta bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. Akwai kuma ta biyu, wadda ita ce abin maganarmu. Ka miƙa kuɗin da ka saba miƙawa, an ba ka leda mai launin da ka sani da sunan da ka sani, sai dai abin da ke ciki ya ragu. Ba wanda ya yi maka ƙarya da baki, ba wanda ya sanar da kai, ka koma gida kana zaton ka tsira, alhali an ƙara maka kuɗi.

Bari mu fara da lissafi, domin a nan ne yawancinmu muke faɗawa. Mu ƙaddara sinƙin taliya mai giram 500 ana sayar da shi naira 1,000. Kilo ɗaya ke nan ya kama naira 2,000. Sai kamfani ya mai da sinƙin giram 400, ya bar kuɗin yadda yake. Mai saye zai ce ai ɗan kaɗan aka rage, kashi ɗaya ne cikin biyar. Amma yanzu kilo ɗaya ya koma naira 2,500, wato an ƙara masa kashi 25 cikin ɗari. Ragin kashi ɗaya cikin biyar na kaya daidai yake da ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗi. Da mai kanti ya ce masa kai tsaye taliya ta koma 1,250, da ya tsaya ya yi ciniki, ko ya juya ya sayi shinkafa. Tun da lambar da ya haddace ba ta motsa ba, sai ya biya ya tafi. Mutum yakan riƙe farashi a ka, amma da wuya ka sami wanda ya riƙe nauyin abin da ya saya makon jiya, kuma masu sarrafa kaya sun san da haka sarai.

Kada mu ɗauka wannan dabara baƙuwa ce gaba ɗaya a wurinmu. Kasuwar Bahaushe ta daɗe da sanin cewa ana iya riƙe kuɗi a motsa kaya. Mai tumatir da attarugu yana kasawa kashi-kashi, in kaya sun yi wuya ya cire ɗaya daga kowane kashi. Mai ƙosai takan rage girman abin da take sakawa a mai, mai fura ta rage dunƙule, mai tsire ya rage yanka a tsinke, mai tebur ya rage ƙullin sukari da na gishiri. Sai dai a duk waɗannan kayan suna fili. Mai saye yana gani, yana iya ɗagawa ya ji nauyi, ya taya, ya nemi gyara, in bai gamsu ba ya matsa gaba. Hausawa suka ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Abin da ledar masana'anta ta zo da shi sabo shi ne ta rufe wa ido hanya. An liƙe ta, an hura mata iska, ba a taya ta, ba a yi mata gyara. Cinikin ya koma na biri a sama.

Me ya sa mai sayarwa yake zaɓar rage kaya maimakon ƙara kuɗi? Dalili na farko mun ambata shi, wato tsoron kada mai saye ya gudu. Dalili na biyu yana cikin aljihunmu. A zamanin fam da sule, a ƙarƙashin sule akwai sisi da taro da kwabo da ɗari, har da anini, wanda goma suke yin kwabo ɗaya. Da aka canja kuɗi zuwa naira ran 1 ga Janairu 1973 ma an fito da tsabar rabin kwabo, da kwabo 1, da 5, da 10, da 25. Da irin wannan canji farashi yana iya hawa tsani ɗaya-ɗaya. Yau tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a, ko da yake Babban Banki ya sake fito da ita a 2007, takardun naira 5 da 10 da 20 kuma da ƙyar suke sayen wani abu. Saboda haka farashin ƙananan kaya ba ya takawa, tsalle yake yi, daga 50 zuwa 100, daga 100 zuwa 150 ko 200. Matar da take suyar ƙosai a Roni, in wake da mai suka ƙara kashi 15 cikin ɗari, ba ta da takardar kuɗin da za ta nuna wannan ƙari da ita. Ko dai ta ninka kuɗin ta rasa yaran da ake aikowa da naira 100, ko ta rage girman ƙosan. Wannan mata ba azzaluma ba ce, matsi ne ya bi ta kanta ya iso gare mu.

Wanda ya kamata mu bambanta da ita shi ne mai tauye mudu da gangan. A kasuwannin hatsi na wannan yanki, tun daga na ƙauye har zuwa Dawanau a Kano, lissafin da aka sani shi ne buhu mai kilo 100 yana ɗaukar kwano 40, wato tiya 40, kowace tiya kimanin kilo biyu da rabi. To, amma kwano ba shi da hatimin kowa. Ana iya buga gindinsa ya shige ciki, ana iya rage masa baki, ana iya aunawa da tozo ko a shafe. Ɗan awon da ya rage wa kwanonsa kashi ɗaya cikin goma zai fitar da kwano 44 da 'yan kai daga buhun da ya saya a matsayin 40, ba tare da ya ƙara ko kwabo a kan farashin kasuwa ba. In kuma yana da kwano biyu, babba na saye da ƙarami na sayarwa, to ya ci manomin Gwiwa da kaka lokacin da ya kawo gero da riɗi, ya sake cinsa da bazara lokacin da rumbu ya ƙare ya dawo awo. Wannan shi ne ainihin halin da Suratul Muɗaffifina ta yi gargaɗi a kansa, shi ne kuma laifin da Annabi Shu'aibu ya yi wa mutanen Madyana wa'azi a kai. Saboda girman al'amarin ne tsarin mulkin Musulunci ya ware muƙamin muhtasibi, wanda duba ma'aunan kasuwa yake cikin manyan ayyukansa.

Akwai wani wuri da masana'anta da kasuwar gargajiya suka haɗu, wanda ba kowa yake lura da shi ba. Da yawa daga cikin ma'aunanmu na yau ragowar kayan kanti ne. Da gwangwanin madara ake auna shinkafa da wake da gari ga mai ƙaramin ƙarfi, da gwangwanin tumatir ake auna barkono da kuka, da kwalba ake auna man gyaɗa da manja. Gwangwanin madarar ruwa da aka daɗe da sani da giram 170, an zo ana samun mai 160 da mai 150. Duk ran da masana'anta ta rage girman gwangwaninta, ma'aunin mai tebur ya ragu tare da shi, ko da shi mai teburin bai yi niyyar cutar kowa ba. Haka kwalba: akwai mai santilita 75, akwai mai 60, akwai mai 50, kuma duk sunansu kwalba. Wanda ya ce ya sayi kwalbar mai a Kazaure da araha fiye da yadda ake sayarwa a Babura bai faɗi kome ba tukuna, sai ya gaya mana wace kwalba.

Mutanen Babura da maƙwabtansu, da yake ba su da nisa da iyakar Nijar, suna da ƙarin wani kulli. Hatsi da wake da dabbobi suna kai da komo tsakanin kasuwannin ƙasashen biyu, can ana lissafi da sefa, nan da naira, canjin kuma yana motsi. Mai son ya san inda kaya suka fi sauƙi dole ya daidaita abu biyu a lokaci guda, kuɗin da kuma ma'aunin, in ya kuskure ɗaya lissafin duka ya rushe.

Yanzu mu zo kan leda. Tun da kamfanin da ke yin madarar Cowbell ya fara sayar da garin madara a ƙananan ledoji a ƙasar nan a 1993, wannan hanya ta bazu zuwa kusan kome: garin shayi, da sabulun wanki, da tumatir, da man girki, da man goge baki, har ruwan sha. Ba za mu musa amfaninta ba, domin ta sa wanda ba zai iya sayen gwangwani ba ya ɗanɗana madara. Amma mu sake yin lissafi. Mu ƙaddara gwangwani mai giram 400 naira 4,000 ne, wato kowane giram naira 10. Leda mai giram 12 kuma naira 150, wato kowane giram naira 12 da kwabo 50. Wanda yake sayen leda kullum, kafin ya sha giram 400 ya biya naira 5,000. Mai hali ya biya 4,000, marar hali ya biya 5,000, a kan madara iri ɗaya. Kuma leda ta fi kome sauƙin ragewa, don giram 2 da aka cire daga 14 ba hannun da zai ji shi, alhali kashi ɗaya ne cikin bakwai. Kada kuma a ɗauka babban mazubi kullum shi ne mai araha, wani lokaci akan tarar ƙaramin ya fi sauƙi. Ba abin da zai raba gardama sai rabawa da ninkawa.

Kamfani zai ce bai ɓoye kome ba, nauyin yana rubuce a jikin leda kamar yadda dokokin hukumar NAFDAC suka tanada. Gaskiya ne yana rubuce. Amma an rubuta shi da ƙananan baƙaƙe, da Turanci, a wani lungu, wani da giram, wani da mililita, wani da santilita. Litar man gyaɗa ba ta cika kilo ɗaya ba, wajen giram 910 zuwa 920 take, saboda haka mai da aka rubuta wa lita da wanda aka rubuta wa kilo ba a kwatanta su kai tsaye. Sa'an nan sabon nauyin kaɗai aka rubuta, tsohon ba ya nan. Gyatumarmu da ke ƙauye, wadda karatunta na allo ne da ajami, ko wadda aika take yi ba ta zuwa kasuwa da kanta, yaya za ta gane cewa ledar bana ba ta kai ta bara ba? Abin da za ta lura da shi kawai shi ne miya ba ta yin ja kamar da, sabulu kuma ba ya kai Juma'a.

Wannan ciwo bai tsaya a kanmu ba. A Ingila, a 2016, masu yin cakulan Toblerone sun faɗaɗa ratar da ke tsakanin tsinin cakulan, mai giram 170 ya koma 150, mai 400 ya koma 360, jama'a suka yi ca a kansu. Ofishin ƙididdigar ƙasar ya ƙirga kaya 2,529 da girmansu ya ragu tsakanin 2012 da 2017. Abin koyi a nan shi ne matakin da wasu ƙasashe suka ɗauka. Tun 1998 Tarayyar Turai ta wajabta wa kantuna su rubuta farashin kilo ɗaya ko lita ɗaya kusa da farashin kowane kaya, don mai saye ya kwatanta babba da ƙarami da kallo ɗaya. Faransa ta ƙara da cewa, daga 1 ga Yuli 2024, duk babban kantin da faɗinsa ya wuce murabba'in mita 400 dole ya liƙa sanarwa ta tsawon wata biyu a gaban kayan da aka rage wa yawa alhali kuɗin kilonsa ya hau. Ba su hana kamfani rage kayansa ba, abin da suka hana shi ne ya rage a ɓoye.

Mu ma ba mu rasa dokoki ba. An kafa hukumar kula da ingancin kayayyaki, wadda ake kira SON, a 1971. Dokar awo da ma'auni ta 1974 ita ce ta ɗora ƙasar nan a kan kilo da lita da mita, kuma akwai sashe musamman a Ma'aikatar Ciniki ta Tarayya da aka ɗora wa duba sikeli da famfunan gidajen mai. An kafa NAFDAC a 1993, sa'an nan dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta haifar da hukumar FCCPC. Inda gizo ke saƙar shi ne, Tsarin Mulki na 1999 ya sa awo da ma'auni cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai take yi wa doka, amma kafa kasuwanni da kula da su ya bar wa ƙananan hukumomi. Mai ikon ma'auni yana nesa da kasuwa, mai karɓar kuɗin rumfa kuma yana ganin ma'auni ba aikinsa ba ne. Shekara hamsin ke nan da komawarmu kilo a takarda, amma har yau gero da dawa da wake da kwano ake auna su, kwanon da ba wanda ya tantance.

To, mene ne namu a ciki? Muna da shawarwari huɗu, kuma ba wadda take bukatar jiran Abuja.

Ta farko ta shafi kowannenmu. Mu sauya tambayar da muke yi a kasuwa. Bayan mun ce nawa ne, mu ƙara da cewa nawa ne a ciki. Mu raba kuɗin da nauyin, mu san abin da giram 100 ko lita ɗaya ta kama, kafin mu zaɓa tsakanin kaya biyu. Kusan kowa a wannan zaure yana da waya mai na'urar lissafi a aljihunsa. Ma'aikacin da aka ɗaga masa mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a 2024 ba zai san ko gaba ya ci ko baya ba, sai ya auna albashin da kwanon gero da litar mai, tsohon da sabon.

Ta biyu ta shafi gidajenmu. In mun je hutu, mu zauna da iyayenmu mata mu nuna musu inda ake rubuta nauyi da yadda ake karanta lambar. Mu ajiye tsohuwar leda ko gwangwani don a riƙa gwadawa da sabo. Gidan da yake da hali ya mallaki ƙaramin sikeli, ko kwano ɗaya sananne da za a riƙa sake auna duk abin da aka sayo. Maƙwabta huɗu ko biyar kuma suna iya haɗa kuɗi su sari buhu ko jarka su raba, su huta da ribar da ake ci a kan ƙulli-ƙulli.

Ta uku aikin wannan ƙungiya ne. Muna da 'yan'uwa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure da sauran manyan makarantu, masu karanta lissafi da ƙididdiga da tattalin arziki. Me zai hana a zaɓi kaya 20 da kowane gida yake saye, a riƙa zuwa kasuwannin ƙananan hukumomin nan huɗu sau ɗaya a wata da sikeli da littafi, a rubuta farashi da nauyi tare, a buga sakamakon a wannan mujalla da Hausa? Cikin shekara ɗaya za mu mallaki abin da babu shi a hannun kowa yanzu, wato shaidar yadda kwano da leda suke motsi a yankinmu. Da irin wannan shaida ake tunkarar hukuma, ba da ƙorafin baki ba.

Ta huɗu tana wuyan yayyenmu ma'aikata, musamman na ƙananan hukumomi. Ba sai an yi sabuwar doka ba kafin a ajiye sikeli ɗaya ingantacce a ƙofar kowace babbar kasuwa, inda mai saye ko mai sayarwa zai je ya gwada kayansa kyauta. Ba sai an yi doka ba kafin a zauna da sarkin kasuwa da shugabannin 'yan awo da hakimai da limamai, a amince da kwano ɗaya mai alama, a kuma yarda ko da tozo za a riƙa aunawa ko a shafe. 'Yan kasuwa masu gaskiya, waɗanda su ne mafi yawa, su za su fi kowa murna, domin mai tauye mudu yana karya musu ciniki da arahar ƙarya. Waɗanda kuma Allah ya kai ma'aikatun jiha da na tarayya, su tuna da misalin farashin kilo da aka wajabta a wasu ƙasashe, su yi ƙoƙarin ganin an fara shi ko da a manyan kantunan birane ne.

Jama'a, ba mu da ikon hana tsada, domin tushenta yana can cikin darajar naira da kuɗin mai da halin damina. Amma jama'armu suna da haƙƙin su san tsadar da ta same su da adadinta, don su san yadda za su tsara ɗan abin da ke hannunsu. Da harajin waɗannan manoma da masu ƙananan sana'o'i aka gina makarantun da suka koya mana rabawa da ninkawa. Mafi ƙarancin abin da za mu saka musu da shi shi ne mu kai wannan lissafi bakin rumfa, mu tsaya kusa da su lokacin da ake auna musu.

 Allah ya sa albarka a cikin karatunmu da ayyukanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya kuma kiyashe mu da cin haƙƙin juna.